Shekarar da Mushe Hayatu Ya Riƙe Ajin Bepese

Hayatu ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin abin da sauran mutane za su ji nauyin faɗi. Tare muka tashi a Gidan Sori, kuma Allah ya sake haɗa mu a kwaleji ɗaya a wani gari na gundumar Gazawa, kusa da iyaka. Shi yana koyar da Ingilishi, ni Asama'u ina koyar da tarihi. Mutum ne mai gaskiya, mai son yara, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma yana da kishi, kuma duk kishin nasa a kan mutum ɗaya ya tare, abokin aikinsa Mushe Rashidu. Mu nan Mushe muke ce wa malamin makaranta. Abin da Hayatu ya nema a duniya bai taka kara ya karya ba. So ya yi, ko sau ɗaya kafin ya ajiye alli, iyayen yara su tako har ƙofar gidansa su yi masa godiya.

Babansa, Kawu Ishaku, manomin gero da wake ne, bai taɓa shiga lakol, wato makarantar boko, ba. Ingilishi ya shigo gidansu ne ta cikin wata rediyo da yayan Hayatu ya dawo da ita daga ci-rani a Najeriya. Duk gidan Hausa suke saurare, shi kuwa Hayatu sai ya murɗa ta zuwa inda ba wanda yake gane komai, ya kafa kunne. In ya kora jaki zuwa gona, sai ya yi ta maimaita wa jakin abin da ya ji. Muka sa masa suna Bature, muna binsa muna dariya, yana jifanmu da ɓawon gyaɗa. Da aka kai shi kwaleji a Gidan Rumji ya tarar ashe abin nan ana koyar da shi a aji, da malami da littafi, sai ya zama kamar wanda aka ba gonar gado. Daga nan ya wuce Maradi, ya wuce Yamai, ya dawo da takardarsa. Ya sha wuyar aikin kwantiragi a ƙauyuka, ya auro Mairo daga Tibiri, daga ƙarshe aka turo shi garin da muke.

Sai an san yadda kwalejinmu take kafin a gane ciwon Hayatu. Azuzuwan siminti kaɗan gare mu, kuma na manya ne, musamman ƴan ajin ƙarshe da ke shirin jarrabawar bepese. Ƴan sizyam kuwa, wato ajin farko, rumfar kara ce ajinsu. Ita rumfar nan ba ta samuwa sai an yi girbi an sare karan gero, iyaye sun kawo dami-dami an kafa. Kafin nan shekarar karatu ta riga ta yi nisa. In an kafa ta, awakin gari su fara cin bangon daga waje, ka ga kan akuya ya leƙo tsakiyar darasi. Ruwan farko kuma shi ke rufe makarantar ƴan sizyam, ko gwamnati ta ce an yi hutu ko ba ta ce ba.

Tun zuwansa aka ba Hayatu rumfa, domin shi ne baƙo. Ajin bepese yana hannun Mushe Rashidu, ɗan gari, wanda kakanninsa suka ƙetaro daga ƙasar Katsina suka kafa babban gida a bakin kasuwa. Haka abin ya zauna shekara da shekaru, har ya zama kamar doka.

A cikin rumfar nan Hayatu ya yi aikin da ban ga wani ya yi irinsa ba. Yara sun fito daga ƙauyuka, Faransancin ma bai zauna a bakinsu ba, ga wani sabon harshe. Littafi ɗaya, yara sun yi masa rumfa da kawuna. Sai Hayatu ya ture littafin gefe, ya zo da albasa da barkono da sabulu a cikin jakarsa, ya shimfiɗa buhu, ya buɗe kasuwa. Wannan ta sayar, wancan ya taya, a yi ciniki har da rantsuwa, duk da Ingilishi. Daga ajina nakan jiyo dariyarsu, wani lokaci har in aika a ce su rage. Kafin ruwa ya rushe rumfa, yaran da suka zo baki a ɗinke sun fara buɗe shi.

To, amma ba a kiran sakamakon sizyam a fili. Na bepese ake kira. Kuma garinmu yana da al'ada. Sakamako yakan fito da damina, lokacin da zabi ke ƙwai. Ranar kasuwar da ta biyo baya, duk wanda ɗansa ya ci sai ya ɗauro zabo, ko ya ciko ƙwarya da ƙwai, ya kai wa malamin da ya riƙe ajin ya kuma raka yara wurin jarrabawa a Gazawa. Malamin nan kullum Rashidu ne. Zaurensa yakan cika da mutane, kukan zabi har bakin titi. Ranar nan Hayatu ba ya zuwa kasuwa. In dole ta kama shi, sai ya zagaya ta bayan mahauta don kada ya bi ta ƙofar gidan.

"Ni ka shibka, shi ka girbi," haka yake ce mini. "Ɗiyan ga da ya ka taƙama da su, wa ya buɗe musu baki? Cikin ƙura na ɗauko su, Asama'u."

"To, ka je ka ce ya raba maka ƙwan mana," in ce masa.

"Ke dai ba ki da kirki tun muna yara."

Da Rashidu mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Amma mutumin kirki ne, mai fara'a, ba ya kiran Hayatu sai da Yaya. In ya ga Mairo ta ɗauko kaya daga kasuwa sai ya tsayar da babur ya karɓa ya kai mata gida. Wannan kirki shi ya fi ci wa Hayatu rai, domin bai bar masa abin kamawa ba. Wata rana mura ta kwantar da Rashidu, mutane suka yi ta zuwa dubiya. Hayatu ma ya je, ya yi addu'a da zuciya ɗaya, amma a hanyar dawowa ya ce mini shi da ya yi zazzaɓin da ya kusa kai shi lahira bai ga rabin wannan jama'a ba. Na yi dariya har na riƙe ciki, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Abin ya zo wuya ne ranar da konseye ya zo daga Agiye. Konseye shi ne jami'in da ke zagaya makarantu yana duba yadda ake koyarwa. An aiko shi ya ji ra'ayin malamai a kan manhajar Ingilishi, wadda mu a bakinmu furogaram muke ce mata. Ba mu da ɗakin taro, sai aka jera benci a gindin bedi, wato dogon yaro, dukanmu muka zauna har da mu da abin bai shafa ba.

Konseye ya ce, "To, malamai, furogaram ɗin ga da anka ba ku, tana aiki ko ba ta yi? Ku hwaɗi gaskiya, sama za ni kai maganar."

Rashidu ya fara. "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga laihinta ba. In an bi ta daki-daki, an ƙare ta kan lokaci, yara suna cin bepese. Sakamakonmu ba ɓoyayye ba ne."

Hayatu bai jira an ba shi izini ba. "Tana aiki bisa takarda! Cike gurbi da juya jimla, shi ke nan abin da ke cikinta. Ba inda anka ce yaro ya buɗe baki. Yaron da ya ci bepese, ɗauke shi ka aje Katsina, ruwan sha ba ya iya roƙo."

"A Katsina ai da Hausa zai roƙa," na ce.

Aka fashe da dariya, har konseye. Hayatu ya harare ni harara irin ta gida, ya ci gaba. Ya ce waɗanda suka rubuta manhajar suna zaton lakol na buɗewa ranar da aka sanar a rediyo, ba su san sai an sare kara ba. Ya ce an tsara ta don yaro mai littafinsa shi kaɗai da fitila a gida. Ya ce a rage babi-babin, a bar wa malami fili ya sa yara magana. Wallahi maganarsa gaskiya ce, kuma kowa a wurin ya san haka.

Konseye ya gyaɗa kai, ya ce, "Mushe Hayatu, maganarka ta yi daɗin ji. Amma shi Mushe Rashidu shina da sakamako ga hannu. Kai mi gare ka?"

Ban taɓa jin tausayin Hayatu kamar ranar ba, kuma na yi shiru da tsokanata har aka tashi.

Da aka zo rabon azuzuwa na shekara mai zuwa, Hayatu ya miƙe gaban daraktan kwaleji ya ce shi ajin bepese yake so. Ya zo da shirin faɗa. Ya tanadi hujjoji, har ya gwada su a kaina a hanya. Darakta ya dubi Rashidu, yana jiran a fara ja-in-ja. Rashidu ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ɗauka. Wallahi ka hi ni cancanta, ni ma na gaji. Ni sai in koma rumhwa in huta."

Malamai suka yi ta cewa madalla da wannan hali na Rashidu. Hayatu ya fito da ajin a hannunsa da baƙin ciki a ransa. Ya ce mini, "Kin ji ko? Wai ya huta. Rumhwar tawa ce wurin hutu."

Yaran da ya tarar a ajin bepese nasa ne, shi ya buɗe musu baki a sizyam. Ranar farko da ya shiga suka yi ta tafi, suna tsammanin buhu da albasa za su dawo. Abin da ya fito daga jakarsa tsofaffin takardun jarrabawa ne, tuli guda. Mutumin da ya ce manhaja ba ta aiki, shi ya kama ta daga bangon farko yana bi layi-layi, ba ya tsallake ko waƙafi. Ya ƙara musu darasi da yamma, ya ƙara ranar hutu. Wanda ya yi kuskure sai ya kwafe jimlar har hannunsa ya sage. Dariya ta ɗauke a ajin, sai tsawa. Wata yarinya mai kaifin kai, Fadila, ta ɗaga hannu wata rana ta ce, "Mushe, yaushe za mu yi kasuwa?" Ya ce mata kasuwa ba ta fitowa a bepese, ta zauna. Fadila ba ta sake ɗaga hannu a ajinsa ba.

Na same shi a gida na ce, "Bature, ba kai ne ka tsaya gaban konseye ka ce abin nan takarda ce kawai ba?"

"Har gobe ina nan kan bakana," ya ce. "Ba ta koya wa yaro magana. Amma ita a ka kira a hili, Asama'u. In sun ci, sai in ga wanda zai sake tambayata mi gare ni."

Shi kuwa Rashidu, rumfa ta nuna masa ba wurin hutu ba ce. Ƙurar kara ta sa shi tari, awaki suka raina shi, yara suka zuba masa ido yana ta bayani ba wanda ya gane. A wani zaman malamai ya ce, da gaskiyarsa, shi yanzu ya yarda furogaram ɗin nan ba za a iya ƙare ta a rumfa ba, kuma ba ta sa yaro magana, ya kamata a sake ta. Darakta ya ce lallai wannan magana ce mai nauyi, za a rubuta ta a aika Agiye da sunan Mushe Rashidu. Na juya na dubi Hayatu. Ya sunkuyar da kai yana murza alli a tafin hannu har ya zama gari.

"Shekara nawa ina hwaɗin haka?" ya ce mini da muka fito. "Ba wanda ya ji. Yau ya ɗauki maganata ya sa a bakinai, ta zama mai nauyi."

Lokacin jarrabawa ya zo, Hayatu ya raka yara Gazawa a bayan mota, ya kwana da su a can, ya rame kamar shi ke rubutawa. Da sakamako ya fito, kwalejinmu ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kusan duk ajin suka ci, har da waɗanda iyayensu suka fid da rai. Aka yi ta guɗa a filin makaranta. Na nemi Hayatu na same shi a bayan aji shi kaɗai yana goge ido da bakin riga. Na yi masa barka, kuma ranar ban tsokane shi ba.

Ranar kasuwa ta zagayo. Tun da safe Mairo ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sababbin tabarmi. Ta dama fura a babbar ƙwarya saboda baƙi. Hayatu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora hula, ya zauna a bakin zaure da littafi a hannu wai karatu yake yi. Ni ma na je na zauna wurin Mairo daga ciki, inda muke hango ƙofa.

Hantsi ya yi, ba kowa. Amalanke ta wuce, Hayatu ya gyara zama, ba ta tsaya ba. Azahar ta yi, ya je masallaci ya dawo da sauri. Wani tsoho ya yi sallama, Hayatu ya miƙe da fara'a, ashe tambayar hanyar gidan mai gyaran rediyo yake. Fura ta fara tsami a ƙwarya. Mairo ta kasa haƙuri ta yafa mayafi ta fita, ba ta jima ba ta dawo fuska a haɗe. Ta ja ni ɗaki ta ce zauren Rashidu ya cika har waje.

Abin da ya faru ba makirci ba ne. Yawancin iyayen nan mutanen ƙauye ne, ba su san rabon azuzuwa ba, ba su san an sauya komai ba. Sun san dai in yaro ya ci bepese, gidan mushen Ingilishi na bakin kasuwa ake kai zabo. Nan suka kai na yayyen yaran, nan maƙwabtansu suka kai. Su kuma yaran, da ya kamata su ce a'a, bana Mushe Hayatu ne, ba su ce ba. Sun sha tsawarsa shekara guda, sun ci jarrabawa, sun tafi gona abinsu, ba wanda ya yi marmarin ya jawo ubansa zuwa ƙofarsa. An ce Rashidu ya yi ta rantsuwa yana cewa ba shi ba ne, aikin Yaya Hayatu ne, a kai can. Mutane suka ce kai, ka ji mutum mai tawali'u, suka ajiye kayansu suka koma cin kasuwa.

Ba mu gaya wa Hayatu ba, amma ya sani. Ya ci gaba da zama da littafin a buɗe, shafin bai motsa ba. Na ji haushin garin nan gaba ɗaya, na ji haushin yaran, na ji haushinsa shi ma da ya sayar da rumfarsa da dariyar yaransa saboda wannan rana.

Bayan la'asar sai muka ji ƙarar babur da kukan zabi. Rashidu ne, yana tafe a hankali, zabi a rataye dama da hagu, an ɗaure kwandon ƙwai a baya, yana tuƙi yana kare shi da hannu ɗaya. Mutanen unguwa suka fito ƙofa-ƙofa suna kallo. Ya tsaya, ya sauke kayan gaba ɗaya a kan sabuwar tabarmar Mairo, ya durƙusa ya ce, "Yaya, naka ne. Kuskure anka yi. Ko ƙwai guda ban taɓa ba."

Hayatu ya miƙe. Ya kama hannunsa, ya yi masa godiya yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo masa furar nan ya sha. Ya raka shi har bakin babur. Duk unguwa tana kallo, bai bar komai ya nuna a fuskarsa ba. Da ƙarar babur ta yi nisa sai ya dawo ya tsaya a kan zabin, suna kwance ƙafafu a ɗaure suna haki. Na fito na tsaya kusa da shi.

"Kin gani, Asama'u?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ko nawa ma sai ya biyo ta hannunai."

Kafin in amsa, maƙwabciyarsu Zulai ta leƙo ta kan katanga, ta ga tulin kaya, ta rangaɗa guɗa. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji ta ce, "Mairo, Allah ya saka wa Mushe Rashidu da alheri! Duk wannan abu da ya samu, bai manta da ku ba."